Ɗakin Wanki, Ƙarƙashin Fili

Shekara ashirin da shida ke nan
ina wanke rigunan 'ya'yan mutane
a ƙarƙashin filin ƙwallon kwando.
Orval Tibbets nake, sunan da bai taɓa hawa bayan riga ba.
Inji uku gare ni, ɗaya yana tari.
A waje alkamar Kansas ce iya ganinka,
sai jirgin ƙasa na sha ɗayan dare.

Na san gumi kamar yadda mahauci ya san nama.
Na 'yan kokawa tsami gare shi,
'yan ninƙaya warin maganin ruwa suke kawo mini,
na Jarrell Oakes kuwa, mai lamba sha huɗu, gishiri ne zalla,
yakan bar farar taswira a ƙirjin riga.

Shekararsa ta farko na gan shi
yana cusa burodin ɗakin cin abinci a aljihu.
A daren nan aka sayar da riga mai lambarsa har ɗari biyu,
dala arba'in-arba'in, a bakin ƙofa.
Ko sisi bai ga ƙeyarsa ba.
Uwarsa na goge daɓen asibiti a Tulsa har asuba.
Shi ya sa ran da aka ce za a fara biyan yara
ni na riga kowa tafi.
Wanda ya sha rana, a bar shi ya sha inuwa mana.

Sai dai attajirinmu duk garin nan
dillalin motoci ne, Haskell.
Ya ba shi dubu biyar, ya tsayar da shi jikin a-kori-kura,
aka ɗauki hoto. Iyakar ƙarfinmu ke nan.

Watan Maris waya ta zo daga babbar jami'a can kudu.
Ya sauko, ya zauna kan kwandon tawul,
ya miƙo mini in gani:
sifili a jere kamar ƙwai a kiret.
Ya ce, Orval, ya zan yi?
Na ce, tashi ka haɗa kayanka,
gwiwa ba ta yin alkawari da kowa.
Na juya na ci gaba da ninke safa
don kada ya ga fuskata.

Sauran biyar ɗin ma suna kallon hanya.
Don a riƙe su, sai a nemo kuɗi.
Shugaban wasanni ya kwana uku da alƙalami,
da safe ya fito ya ja layi biyu.

Ran Talata aka buɗe magudanar tafkin ninƙaya.
Ya yini yana kurɓar kansa.
Noreen Vasko, wadda shekara uku ƙarfe biyar na asuba
take fasa ruwan nan da kafaɗunta,
ta tsaya a baki, takalmi a ƙafa.
Ruwa ya ƙare wa ɗan kada bai gama wanka ba.
Ta kawo mini tawul ɗinta a ninke,
ta ce na gode, kamar ni na yi wani abu.
Katifun kokawa, wani coci ya saye su da araha.

Yanzu inji biyu sun ishe ni.
Mai tarin yana hutawa.

Jiya na ga Jarrell a talabijin yana tallar lemo,
haƙoransa sun fi rigar da na taɓa wanke masa fari.
Ya aiko mini da takalma, daidai ƙafata,
ban san yaushe ya duba ba.
Da su nake zagaya busasshen tafkin in zan kulle ƙofofi,
suna ƙara a kan tayil.

An ce zomo ba ya fushi da makashinsa
sai da maratayinsa.
Na duba, na duba,
ban gane wa ya rataye mu ba.
Yaron ya ci guminsa. Yarinyar ma gumi ta yi,
ruwa ne kawai ya riƙa wanke nata kafin a gani.

Sha ɗaya ta buga.
Jirgin yana wucewa, ba ya tsayawa a nan.
Akwai sauran safa a inji.